Ruwan da Na Kora daga Kwarmin Bentu

Mu shida aka tura Birazil, a shekarun da kuɗin mai ya fara yawa, bayan farin da ya kashe mana shanu. An ce mu je mu ga yadda mutanen arewacin ƙasar suke tara ruwan sama, don su ma fari ya saba da su. Huɗu ma'aikatan ofis ne daga Kano. Na biyar ni ne, Amadu, ɗan garin Sara ta ƙasar Gwaram, na yi makaranta a Birnin Kudu na shiga sashen ruwa. Na shida Baba Idi Zandam, shugaban masu haƙar rijiya na yankinmu, abokin mahaifina. Bai san baƙi ɗaya na boko ba, amma in ya ɗanɗana ƙasa da harshe sai ya gaya maka gaba nawa ya rage a kai ruwa. Mahaifina ya ce masa ya kula da ni, ofis kuma ya ce mini in kula da shi.

A tashar motar birnin Riyo aka fara yi mana maraba. Wani mutum mai hula irin ta ma'aikata ya ɗauki akwatin Baba Idi ya ɗora a kai, ya yi mana hannu mu bi shi. Na yi masa Turanci ya gyaɗa kai, na yi masa Faransanci ya yi murmushi. Ya shiga tsakanin motoci biyu, ba mu ƙara ganinsa ba. Goro, kilishi, bargo da buta duk suna ciki.

Baba Idi ya dube ni ya ce, "Amadu, kai da aka ce kana jin harshe biyar, da wanne ya yi maka ban kwana?"

Kwana biyu muna cikin mota muna yin arewa. Duk inda aka tsaya cin abinci wake ne, cikin waken kuwa sai ka tsinci kunnen alade. Ayaba da burodi muka yi ta ci. Sai a wata tasha muka ga wata baƙar mace da farin ɗankwali tana suya a bakin hanya. Baba Idi ya tsaya cak.

"Wannan ƙosai ne, ko yunwa ce take nuna mini?"

Ƙosai ne kuwa, da manja, kamar na Yarabawan Sabon Gari. Matar ta ga yadda tsohon yake ci, ta ƙara masa uku, ta dafa ƙirjinta. Ya yi ta sa mata albarka da Hausa har direba ya danna oda.

Wata uku muka yi a wani birni na bakin teku ana koya mana harshen Fotugal da ilimin ƙasa. Cikin masu koyarwa akwai wata mata, Dakta Alda, gajeruwa mai furfura, mai tafiya kamar tana bin bashin lokaci. Ita ta fara nuna mana wani ƙashi mai kauri, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, da zane a bayansa kamar fure. Ta ce akwai wata 'yar dabba a dajinsu da ake kira tatu, tana da kwanso kamar kunkuru, tana haƙa rami kamar dabgi. A zamanin da ƙanƙara ta rufe ƙasashen arewacin duniya, 'yan uwan wannan tatu suna nan, amma girmansu ya kai ƙaramar mota. Ɗaruruwan irin wannan ƙashi ne suke haɗuwa su zama kwanson guda ɗaya. Ta ce dabba mai wannan girma ba ta rayuwa kan ƙaya, sai da ciyawa da ruwa, saboda haka duk inda aka same ta an sami shaidar yadda damina take a wancan zamani. Amma sai an same ta a kwance inda ta mutu, an ga irin ƙasar da take ƙarƙashinta da wadda ta rufe ta. In aka haƙo aka jibge, magana ta ƙare. Ta roƙe mu duk wanda ya ga irinsa a ƙauye ya buga mata waya.

Na tuna da zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, marasa tozo, irin da ba wanda yake kiwo yanzu a ƙasarmu. Na faɗa mata. Ta rubuta sunana a littafinta, ta ce ina da ido. Wannan kalma ta kwana a raina fiye da yadda ya kamata.

Da aka rarraba mu, mutanen Kano suka zauna a ofisoshin birni, mu biyu aka aika daji. Suna dariya suna cewa an mai da 'yan ƙauye gida. Babbar mota ta yi yini da mu cikin wani jeji mai launin toka, ba ganye ko ɗaya, sai ƙaya. Can muka hango duwatsu masu santsi sun taso kamar an kifa ƙwarya.

Baba Idi ya ce, "To, ai ga Birnin Kudu. Da sun faɗa mana tun farko da ba mu yi asarar akwati ba."

An sauke mu gidan wani manomi, Bentu. Dogo ne siriri, da hular fata. Gonar ba tasa ba ce, ta wani attajiri ce da yake zaune a birni, shi yana noma masara da wake su raba. Yana da matarsa Luziya, 'ya'ya mata biyu, tsohuwar uwarsa, awaki da shanu biyar. Da Luziya ta gane ba ma cin alade ba ta tambayi dalili ba. Ranar kasuwa ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, ta ce wannan tamu ce. Tana ba mu garin rogo da wani abu mai zaƙi da suke kira da wani suna, muka lasa muka ga mazarƙwaila ce tsaf.

Ruwa kuwa a jaki ake ɗauko shi daga wani busasshen gulbi, tafiyar rabin yini. Da Baba Idi ya ga haka sai ya koma taimama. Luziya ta gan shi yana dafa ƙasa yana shafa fuska, ta tambaye ni, na bayyana mata. Tun daga ranar kullum da safe sai mu tarar da moɗa cike a bakin ƙofa. Shi kuma ya riƙa alwala a kan kwano, in ya gama ya kai ruwan gindin barkonon da ta dasa a bayan ɗaki.

Dabarar da aka aiko mu gani ita ce wannan. A jikin manyan duwatsun nan akwai kwarmi, wani mai zurfin gaba biyu, wani uku, ƙasa ta cike shi tun zamanin da. In aka kwashe ƙasar, duk ruwan da ya sauka a kan dutsen sai ya gangaro ya taru a ciki, ba ya tsotsewa. Bentu yana da ƙarami da yake ƙafewa cikin wata uku. Akwai babba a bayan gidan, wanda in ya cika zai riƙe su shekara. Rani biyu yana haƙarsa shi kaɗai. A wannan shekarar ya kira gayya, don su ma suna da ita, da abinci da waƙa kamar tamu, ya ce lalle a gama kafin watan da suke sa ran ruwa.

Baba Idi ya tuɓe riga ya shiga rami, cikin kwana biyu ya zama shi ne sarkin aikin. Shi da Bentu ba su da kalma ɗaya ta tarayya, amma sai ka ji su suna gardama, wannan da Hausa wancan da Fotugal, su ƙare da dariya. Yana kiransa Malam Bentu.

Rana ta huɗu diga ta bugi wani abu da ba dutse ba. Aka share, sai ga ƙasusuwa masu zanen fure a jere, a manne da juna. Maƙwabta suka ce ragowar dabbobin da ruwan Annabi Nuhu ya ci ne. Da na fassara wa Baba Idi ya ce, "Ashe sun san Ɗufana."

Bentu ya ja ni gefe, ƙarƙashin wata bishiya marar ganye. Ya san daga wace makaranta na fito. Ya ce a wani ƙauye an taɓa samun irin wannan, masana suka zo suka tsai da aiki. Ya ce zai kwashe su a hankali da hannunsa, ya jera a inuwa, ba zai fasa ko ɗaya ba, bayan ruwa duk mai so ya zo ya ɗauka. Abin da yake roƙona kawai in yi shiru.

Na ce masa to. Na ba shi hannu.

Ranar kasuwa na shiga gari duba wasiƙa, da ƙashi ɗaya a aljihu. A nan na buga wa Dakta Alda waya. Na daɗe ina gaya wa mutane, da kaina ma, cewa don ilimi na yi, don ta ce in aka jibge magana ta ƙare. Akwai wannan. Amma abin da nake gani lokacin da nake cike takardar wayar tangaraho shi ne fuskokin mutanen Kano in sun ji wanda aka aika daji ya samo abin da ya taso da Dakta daga birni.

Bayan kwana uku ta iso, da takarda daga mai gonar wadda ta ce kada a ƙara taɓa kwarmin sai ta gama. Gayya ta watse. Bentu ya koma wajen shanunsa. Luziya ta ci gaba da dafa mana abinci a tukunya mai jan ƙyalle.

Baba Idi ne ya tambaye ni, muna zaune bayan la'asar. "Wa ya kira ta?"

Na kau da kai.

"Ba ka da baki yau? Duk harsunan sun tafi kiwo?"

"Baba, sati biyu kawai ta ce."

"Mutumin nan ya ba ka hannu ko bai ba ka ba?"

Ya tashi ya bar ni a wurin.

Ba zan zalunci Dakta Alda ba. Ta kawo wa tsohuwar magani, ta kwana a tabarma kamar kowa. Tana aiki da ɗan cokali da buroshi, a durƙushe, daga safe har rana ta faɗi. Sannu a hankali kwanson ya fito, kamar rufin rumbu a kife, ga jela mai zobba-zobba. Kusa da shi akwai ƙashin cinyar wata dabba dabam, kaurinsa kamar turmi, ta ce 'yar uwarsu ce da take miƙewa tsaye ta ci ganyen bishiya. Ta nuna mana bangon ramin. Can ƙasa, inda dabbobin suke kwance, baƙar laka ce, ta ce nan ruwa yake zama, da ciyawa kewaye, nan suke zuwa sha. Sama da ita tsakuwa ce da yashi a hargitse, alamar zamanin da ruwa yake zuwa da ƙarfi ya ɗauke. Sama kuma jar ƙura, ba ƙashi ko ɗaya.

Baba Idi ya sauka ya ɗanɗani kowane hawa, ya tofar. Ya ce, "Gaskiyarta. Wannan laka ta kwana cikin ruwa, wannan kuwa wucewa ya yi ta kanta. Matar nan ta san ƙasa. Tambaye ta ko ta san sama."

Ban fassara wannan ba.

Sati biyu ya zama huɗu. Ta ce abin da take tsoro shi ne ruwa ya cika ramin ya narkar da bangon, ya jiƙa ƙashin ya ruɓe. Tunda ni ma'aikacin ruwa ne, ko zan iya kautar da shi? Na ɗauki ma'auni na hau dutsen, na bi gangarensa, na ja layi. Muka gina 'yar katanga ta duwatsu da yumɓu, tsayin gwiwa, ta tare duk ruwan da zai gangaro ta kai shi gefe, ya zube a yashi. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba. Bentu yana cikin masu ɗauko duwatsun.

Sai ta tafi birni ɗauko farar hodar da ake ɗaure karaya da ita, don a naɗe kwanson kafin a ɗaga. Ta ce kwana biyar, ta bar wurin a hannuna.

Rana ta uku, bayan azahar, iska ta tsaya. Tururuwa suka fito suna ɗauke da ƙwai. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Luziya da 'yan matan suka fara fito da tukwane. Bentu ya zo ya tsaya a bakin katangar, hularsa a hannu. Shi ba ya iya taɓa ta, don takardar mai gona tana kansa, in ya saɓa za a kore shi. Ni kuwa baƙo ne, kuma ni aka bar wa wurin. Da na fasa ba abin da zai same shi.

Baba Idi ya fito da diga a kafaɗa.

"Matsa, Amadu."

"Baba, jibi za ta dawo. Kwana biyu ne."

"Ka gaya wa hadarin ya jira jibi."

"Ruwan farko ne fa. A Sara wa yake shuka da ruwan farko? Wani yana zuwa."

"Nan Sara ce? Kai, shekarar fari ma ai an yi ruwan farko. Ina kake lokacin? Kana Kano kana shan famfo."

Ya ɗaga digar. Na kama ƙotar.

Abokin mahaifina ne, shi ya raɗa mini suna a kunne in ji mutanen gidanmu. Ya dubi hannuna a kan ƙotar, ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya saki, ya bar mini ita, ya tafi ya ɗauki bokiti ya bi matan.

Lissafin da na yi na gida ne. A wurinmu in ruwan farko ya sauka damina ta buɗe, ko ta yi gardama tana tafe, wata huɗu ana yi. Ban san cewa a wannan ƙasa ruwan shekara yana iya sauka cikin kwana biyu ya tafi ke nan ba. An faɗa mana a aji, na ma rubuta a littafi. Amma da na ga hadari sai jikina ya ce damina ce irin ta Gwaram, kuma abin da nake so in ji ke nan.

Aka tsuge da ruwa har magariba, washegari ya sake tun hantsi. Dutsen gaba ɗaya ya zama gulbi. Ruwan yana zuwa ya bugi katangata, ya juya kamar doki mai linzami, ya bi ta gaban gidan ya faɗa yashi. A bakin nan matan suke tsaye suna tara da tukwane, da kwanuka, har da tukunya mai jan ƙyalle. Tsohuwar ta fito da ƙoƙo. Ni ina tsaye a bakin ramin na rufe ƙashi da tamfol. Ko cokali ɗaya bai shiga ba.

Da Dakta Alda ta dawo ta ga ramin a bushe, ta ga yashi ya sha ruwa har ya yi laka, ta dubi ƙaramin kwarmin da ya cika, ta dubi babban. Ta ce mini, "Me ya sa ba ka fasa ba?"

Na ce ita ta ce a kiyaye.

Ta ce, "Da na yi fushi. Da mun yi asarar bangon. Amma ƙashin nan ya shekara dubbai cikin laka." Ta juya ta hau aiki, ba ta ƙara ce mini ina da ido ba.

Cikin kwana goma aka naɗe kwanson aka ɗora a mota. A ranar, da kaina na rushe katangar, Bentu da Baba Idi suka ƙarasa kwashe ƙasar. Kwarmin ya fito fes, mai zurfi, mai kyau, sai a zuba ruwa. Muka zauna jira. Suna da wata rana ta wani waliyyinsu a watan Maris, in ta wuce ba ruwa sun san shekara ta ɓaci. Suka ɗauki gunkinsa suka kewaya gonaki suna waƙa. Baba Idi ya juya rigarsa ya yi sallar roƙon ruwa a kan dutsen, ni kaɗai a bayansa. Ranar ta zo ta wuce.

Ƙaramin kwarmi ya ƙafe. Ramin gulbi ya koma ba da ruwa mai gishiri. Bentu ya riƙa ƙona ƙayar wani tsiro mai kama da ƙerana yana ba shanu, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Barkonon Luziya ya bushe, don Baba Idi ya roƙe ta ta daina ajiye moɗar. Na san maƙwabta ma sun sha wuya, wasu ma sun tashi. Amma waɗanda kwarminsu ya cika a kwana biyun nan sun zauna. Na je na gani da idona.

Saura sati biyu mu tafi Bentu da iyalinsa suka hau babbar mota mai zuwa kudu, inda ake neman leburori. An shimfiɗa katakai a bayanta, mutane a jere. Luziya ta miƙa wa Baba Idi tukunyar. Bentu ya rungume shi, suka yi ta magana kowa da harshensa, ba su nemi in fassara ba. Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Amadu, ƙasusuwan nan, me suka gaya wa Dakta?"

Na ce, "Sun ce a da akwai ruwa da yawa a nan."

Ya gyaɗa kai. "Ai mu ma mun gan shi. Ta ƙofar gidana ya wuce."

Ya ba ni hannu, ya hau.

Bayan haka na je Sudan na ga manyan kududdufan da suke haƙa, na je Indiya na ga rijiyoyi masu matakala, na ga na Maroko. Na gina matarar ruwa a duwatsun Birnin Kudu da ƙauyukan Gwaram, wasu har yau ana sha. Bayan shekara biyu takardar Dakta ta iso ta gidan waya, da hoton kwanson da zanen bangon ramin, baƙar laka, tsakuwa, jar ƙura. An ce aikin ya taimaka wajen gane yadda ƙasar ta bushe. A ƙarshe akwai sunana cikin waɗanda ta gode wa. Na rubuta wasiƙa uku zuwa ƙauyen ina neman inda Bentu yake, biyu suka dawo, ɗaya ban san inda ta tsaya ba. Ƙashin da na sa a aljihu ranar kasuwa yana nan cikin akwatina. Jikokina sun ɗauka wani abin ado ne.

Ranar da muka dawo Sara, mahaifina ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura. Baba Idi ya ajiye tukunya mai jan ƙyalle a gefensa, ya karɓi goro ya daɗe yana shinshinawa. Aka sha labarin akwati, aka sha na ƙosai. Can mahaifina ya ce, "To Malam Idi, yaya yaron naka? Ya yi abin kirki kuwa?"

Baba Idi ya ɓare goron, ya ba mahaifina rabi.

Ya ce, "Ya iya aiki, Alhaji. In ya gina katanga ba ta yoyo."

Mahaifina ya yi murna ƙwarai, ya dafa kaina ya sa mini albarka a gaban mutane. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce.